Ɗakin Manyan Baƙi da Bencin Sauran Jama'a

Yau ku yi mini uzuri, zan ɗan jingine labarin soyayya in taɓo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar ɗakin manyan baƙi, wannan ɗaki mai sanyi da ƙofar gilashi da ake keɓe wa wasu a filin jirgi da wurin taro, mu kuma sai dai leƙe.

Abin da ya taso da zancen, wani ƙanena da ke aiki a Jidda ne ya turo mini hoton jirgin ruwan shaƙatawa na AROYA, wanda Saudiyya ta fara yawo da shi a Bahar Maliya a watan Disamba 2024. Ni da ban taɓa hawa abin da ya wuce kwale-kwale a Gulbin Rima ba, sai na shiga intanet ina bin diddigin yadda ake zama a irin waɗannan jirage, ko zan samu abin sakawa a littafi. Can na ci karo da tsarin wani kamfani mai suna Royal Caribbean, sai na ga ashe ƙofa biyu ce ake bi a shiga falon manyansu.

Ta farko ƙofar kuɗi ce. Ka kama babban ɗaki mai haɗe da falo, sai a ba ka damar shiga wurin hutu na musamman, a shigar da kai jirgi ba tare da dogon layi ba, a manyan jiragensu har da gidan abincin da ba kowa ke shiga ba, mai suna Coastal Kitchen. Ta biyun ita ta fi ba ni sha'awa. Suna da ƙungiyar tsofaffin abokan ciniki, Crown & Anchor Society, inda duk daren da ka kwana a jirginsu ake rubuta maka maki ɗaya, mai babban ɗaki kuma biyu. Ka tara 80 ka zama Diamond, an buɗe maka falon da aka keɓe wa masu wannan matsayi. A 175 ka ƙara hawa, a 700 ka kai ƙololuwa. Na ɗauki biro na lissafa: mai ƙaramin ɗaki da ke tafiyar kwana bakwai sau ɗaya a shekara, sai ya yi shekara goma sha biyu kafin ya taka wannan falo. Da nisa, amma dai hanyar a rubuce take, kuma mai gadin ƙofa ba zai tambaye shi ɗan gidan waye ba.

To wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe, gyara ce. Mai shinkafa a kasuwar Birnin Kebbi in ya auna wa tsohon abokin cinikinsa, sai ya ƙara masa hannu guda a kai. Mai shagon hayar littattafai, a zamanin da ake haya, yakan ɓoye wa wadda ta fi zuwa sabon littafi a ƙarƙashin tebur har ta zo. Ban taɓa jin wanda ya kira wannan zalunci ba. Wanda kuma ya zaro kuɗin guminsa ya sayi jin daɗi, Allah Ya ba shi lafiyar ci, ba ni da ta cewa.

Matsalata da ƙofa ta uku ce, wadda mu muka ƙago, ƙofar wa ka sani.

Ni a Ambursa nake zaune, filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yana nan gefenmu, muna jin tashin jirgi daga tsakar gida. Ranar 15 ga Mayu 2024 daga nan jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ne ya zo ya sallame su, kuma wallahi mun ji daɗi, garinmu ya shiga labarai. Amma abin da zan ba ku labari a wani filin jirgin daban ya faru, ba kuma zan kama suna ba. Jirginmu ya yi lattin awa shida. Kusa da ni akwai wani dattijo da ɗansa zai kai shi asibiti, kujeru sun cika, sai ya shimfiɗa rawaninsa a ƙasa ya jingina da jaka. Ɗan ya je ƙofar gilashin nan ya roƙi a bar tsohon ya ɗan kwanta, aka ce wurin manya ne. Ba a yi minti goma ba wasu samari uku suka zo, babu wanda ya kai shekara talatin, ɗaya ya miƙa wa mai gadi waya ya ce, "Ga Oga, yi magana da shi." Nan take ƙofa ta buɗe. Na ce da dattijon, "Sannu Baba." Ya ce, "Yauwa, ai mun saba." Wannan "mun saba" ɗin har yau ba ta bar kunnena ba.

Samarin nan ba su biya ko kwabo ba, ba su kuma tara daren komai ba. Wutar da ke sanyaya ɗakin da lemon da ake zuba musu, in an bi sawu, daga aljihun irin su Baba suka fito. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Mutumin da ke da ikon sa hannu a gyara fanka da banɗakin babban zaure, shi ne wanda bai taɓa zama a zauren ba. Ta ina zai san famfo ya ƙafe? Ranar da aka ce kwamishina da darakta su jira jirgi a benci tare da mu, ina tabbatar muku kafin sati ya zagayo an gyara komai.

Na san za a ce tsaro. Na yarda, gwamna ko sarki ba zai zauna cikin cunkoso ba a wannan zamani da muke ciki. Amma tsaron gwamna daban, ɗan ƙanwar abokin mai ba gwamna shawara daban.

Har Mina abin ya bi mu. Mutum ya cire babbar riga ya ɗaura harami iri ɗaya da na kowa, sai kuma ka ji ana cacar baki a kan Tent A, tantin manya da ke kusa da wurin jifa. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu a lokacin tsananin zafi, akasarinsu waɗanda suka je ba da izini ba, ba su da tanti ba su da motar da za ta ɗauke su. Wato a can inuwa ba ado ba ce, rai ce. Don haka in har akwai tanti mai kusa da aka biya da kuɗin gwamnati, tsohuwa mai ciwon gwiwa ta fi ƙaton ɗan siyasa cancantarsa.

Mu dawo gida, Argungu. Tun 1934 ake bikin kamun kifi, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Wa ya riƙe bikin nan duk tsawon shekarun? Masunta ne, masu faɗawa Matan Fada da homa da gora. Akwai wanda ya shiga ruwan nan tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare. Da da lissafin jirgin ruwan can ake yi, da tuni ya kai ƙololuwa. Roƙona ga masu shirya biki, a ware layi guda a rumfar manyan baƙi a zaunar da tsofaffin masunta, baƙon da ya zo daga Abuja ya gaisa da su. A filayen jirgi kuma a rubuta a jikin ƙofa ɓaro-ɓaro wanda ya cancanci shiga da abin da ake biya, a sa dattijai da marasa lafiya da masu juna biyu a ciki kyauta.

Mu marubuta ma da namu laifin, ban cire kaina ba. Sau nawa muka rubuta Alhaji ya shigo filin jirgi ma'aikata na rawar jiki, an wuce da shi da amarya ɗakin manya, muka sa mai karatu ya ji ai wannan ita ce daraja? Ba mu taɓa juya alƙalami mun dubi wanda aka ture gefe don Alhaji ya wuce ba. A littafin da nake rubutawa yanzu na zaunar da jarumin a benci awa shida kusa da wani tsoho, kuma a nan ya haɗu da yarinyar. Mai buga mini a kwamfuta da ta kai wurin sai ta ɗago ta ce, "Anya masu karatu za su yarda mai kuɗi kamar wannan ya zauna a benci?" Na ce ta buga haka nan, mu gani.