Kafin Ka Sayi Sunan Gidan Yanar Sadarwa, Tambayi Yadda Za Ka Biya Baɗi

Yau kan wata asara da na tafka nake son yin magana, domin na ga matasanmu na nan Kafanchan suna bin hanyar da na bi.

Sana'ata citta ce, nakan saro daga wajen Kwoi da Kachia in kai Kano da Legas. A 2019 wani ƙanena ya ba ni shawarar in buɗe gidan yanar sadarwa, saboda masu saye daga waje sukan nemi adireshi kafin su yarda da mutum. Muka sayi suna mai ƙarewa da .com a wani kamfani na Amurka, na biya da katina na naira. Na buga sunan a buhunana da katin kasuwancina.

Abin da ban gane ba shi ne, sunan nan haya ce. Kowace shekara sai ka sabunta, kamar kuɗin rumfa. To a 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Lokacin sabuntawa ya zo, kati ya ƙi. Wasiƙun gargaɗi kuwa suna ta zuwa akwatin imel ɗin yaron da ya yi mini rajista, shi kuma ya koma Jos. Kafin in farga wa'adi ya wuce, wani ya saye sunan. Buhuna suna yawo da adireshin da ba nawa ba!

Na san a 2025 wasu bankuna sun sake buɗe katin naira ga sayayyar waje, kuma akwai masu amfani da katin dala. Amma ni dai ra'ayina, ɗan kasuwar da naira yake samu, da naira ya kamata ya biya. Akwai kamfanonin gida da hukumar NiRA, wadda aka kafa a 2005 don kula da sunayen .ng, ta amince da su. Suna karɓar tura kuɗi ta banki, ko katin Verve, ko ta Paystack da Flutterwave. Ko ba ka da kati, mai POS na bakin kasuwa zai tura maka.

Wani abokina ya ce .com ya fi kwarjini a idon baƙi. Ban musa ba. Shi ma kana iya sayensa da naira a kamfanin gida, sai dai ka sani farashinsa dala yake bi. Dalar da take kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuɗin sabuntawa ya bi ta. Shi kuwa .com.ng da naira ake yanke kuɗinsa tun daga tushe.

Mu da kakanninmu suka zo garin nan cin kasuwa tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso, mun san darajar takardar rumfa, ba ma barinta a hannun yaron shago. Yanzu sunana .com.ng ne, rajistar da imel ɗina da lambar wayata aka yi ta, kuma na biya shekara uku a lokaci guda. Tsofaffin buhunan nan kuwa, da fenti muka bi muka shafe su ɗaya bayan ɗaya.

Sai mun sake haɗuwa, in Allah ya yarda.