Ƙullutun ruwa a ƙoda bai kai a buɗe rumbu ba

Tun da na'urar hoton ciki ta yawaita a asibitocin Maraɗi, dattijo daga Ɗan Gulbi yakan je don wahalar fitsari, a duba shi, a ga ƙullutu cike da ruwa a ƙodarsa. A miƙa masa takarda da faransanci. Ya komo gida babu mai karanta masa, hankalin iyali ya tashi, har a soma shawarar sayar da hatsi da bisashe don tafiya Yamai.

Alhali irin wannan ƙullutu da shekaru yake zuwa, kamar furfura. A 1986 wani likitan Amurka, Morton Bosniak, ya kasa ƙullutun ƙoda aji-aji. Na ajin farko, mai siririn bango, ruwa zalla, babu tsoka a cikinsa, ba ciwon daji ba ne, ba ya son fiɗa, ba ya son magani. Wanda ke neman ƙarin bincike shi ne mai kaurin bango ko tsoka, ko in akwai jini a fitsari, zazzaɓi, ciwon kwiɓi, ko ƙullutai barkatai a ƙoda biyu.

Masu kashe ƙodar tsoho a asirce su ne hawan jini, ciwon sukari, da ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye bisa tire ran kasuwa. Awon jini bai kai kuɗin mota ba.

Ya kamata hukumomin lafiya na Maraɗi da Dakoro su umurci likitoci su riƙa ƙara layi guda da hausa a ƙasan takardar: wane iri ne, kuma ko sai an koma. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci za su karanta wa iyayensu.