Wucin Gadi Daban, Ragin Awa Daban

Wata ɗabi'a ta kama marubutanmu da masu fassara, kuma in ba mu tsawata wa juna ba za ta zauna daram a cikin harshe. Duk aikin da bai cika yini ba, sai mu ji an ce wai "aikin wucin gadi". Haba jama'a! Wucin gadi fa abin da aka kafa ne kafin na dindindin ya zo. To, malamar da ta shekara 10 tana koyarwa awa 3 kullum a makaranta guda, ina wucin gadi a nan? Aikinta tsayayye ne, awanninta ne kaɗan.

Kada wani ya ce mana wannan jayayyar malaman nahawu ce kawai. Yarjejeniya ta 175 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 1994 ta ce mai aikin taƙaitaccen lokaci shi ne wanda awanninsa na yau da kullum ba su kai na takwaransa mai cikakken lokaci ba, kuma ta nemi a ba shi kariya wajen shiga ƙungiya, da hutun haihuwa, da hutun shekara. Ranar da muka rubuta wa irin wannan ma'aikaci cewa shi ɗan wucin gadi ne, mun koya masa ya sallama haƙƙinsa tun ba a tambaye shi ba.

Akwai kuma na uku, wanda yarjejeniyar da kanta ta ware gefe, wato ma'aikacin da masana'anta ta rage wa awanni don kasuwa ta faɗi, maimakon ta sallame shi. A Jamus gwamnati kan cike masa kashi 60 cikin 100 na albashin da ya rasa, ko 67 in yana da 'ya'ya, kuma a watan Afrilun 2020 kimanin mutum miliyan 6 ne suka shiga wannan tsari. Wannan shi ne ragin awa.

Abin takaici, kakanninmu da ba su zauna a aji ba sun bambance ƙodago da jinga da gayya, ba su taɓa cakuɗa su ba. Mu da muke riƙe da alƙalami ne za mu zuba abu uku a ƙwarya ɗaya? Editocinmu su fara jan layi a ƙarƙashin kalmar tun daga fitowa ta gaba.