BOLA DUKIYA CE, IN AN RABA TA DA LEDA

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi magana a kan abin da kowa ke toshe hanci in ya zo wucewa, wato bola. Ni a ganina asarar da muke yi a nan ba ƙarama ba ce.

Tun kaka da kakanni manoman ƙasar Kano sun san darajar juji. Da rani sai a ɗora wa jaki mangala, a kwashi toka da kashin awaki da sauran shara a kai gona. Da haka ne gona ɗaya ke ba da dawa da gero shekara da shekaru ba ta gaji ba. To, amma yanzu leda ta ɓata sha'anin. Je ka bayan kasuwa a Gwarzo ko Kabo, za ka tarar da ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon rake a cakuɗe da leda. Manomi ba ya son irin wannan, sai a bar ta a jibge, ko a cinna mata wuta.

Ga inda illar take. Idan shara mai ruɓewa ta taru, ruwa ya jiƙa ta, iska ba ta ratsa ta, sai ta riƙa fitar da wata iska da ake kira metan. A cikin shekara 20, metan ta fi iskar kabon riƙe zafi wajen sau 80. Shi ya sa a taron Gilasgo na 2021 ƙasashe fiye da 100, har da Nijeriya, suka yi alkawarin rage ta da kashi 30 cikin 100 kafin 2030. Mu da kakanninmu suka sha wuyar farin 1973 da na 1984, bai kamata mu ɗauki canjin yanayi da wasa ba.

Wani zai ce, bolar Kabo guda nawa take a duniya? Gaskiya ne, amma maganin nan rumbunmu zai fara cikawa, musamman da takin zamani ya yi tsada tun 2022.

Shawarata ita ce kowane gida ya ajiye kwando biyu, ɗaya na leda, ɗaya na abin da ke ruɓewa. Mu kuma a makaranta mu tara ɓawo da ganye da toka a bayan kicin, mu riƙa yayyafa ruwa, muna juyawa duk mako biyu don iska ta shiga. Cikin 'yan watanni zai zama taki, lambunmu ya samu, masu noman rani na bakin madatsar Guzu-Guzu ma su samu.

Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.