A Daina Ɗora Wa Tafki Laifin Magini



Mu fara da laifinmu. A littattafanmu, da zarar jarumi ya yi kuɗi sai mu gina masa tangamemen gida a shafi ɗaya: tayil har bango, fenti mai sheƙi, rufin ɓoye irin na zamani. Ba mu taɓa bari damina ta sauka a kan gidan ba. To a zahiri tana sauka. Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Yelwa a watan Agusta ya gani: gidan da aka tare bara, bana fentinsa ya kumbura, filasta tana zuba kamar gari, bayan gadon amarya ya yi funfuna, ɗaki yana warin danshi. Wani malamin makaranta ne da ya yi shekaru yana zubin adashi kafin ya kai ginin ga rufi.

Ka tambayi birkila, amsar ɗaya ce: "Ai Alhaji, kusa da ruwa muke." Daga Yauri zuwa Wara ta Ngaski, har ƙauyukan Shanga, tafkin Kainji ya zama jakin ɗaukar laifin kowa. Mu dai ba mu yarda ba. Kafin a gama madatsar a 1968, a tashi mutane kimanin 44,000 daga matsugunansu, Gungawa a tsibirai suke zaune, tsakiyar kogin kansa, cikin ɗakunan ƙasa. Maginan gargajiya sun san a ɗaga daɓe, a saki bakin jinka ya kare bango, a sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Mai soro kuma ga indararo, ga makuba. Yau muna da siminti, amma bango yana zufa.

Ga inda matsalar take. A Ingila bango biyu ake tayarwa, a bar fili a tsakani, ruwan da ya ratsa na waje ya gangara ya fita ta ƙananan ƙofofi a ƙasa. Ko can, idan kwaɓin siminti ya zuba cikin filin ya haɗe bangayen, ruwa yakan tsallaka. Mu kuwa bulo mai inci 9 muke ɗorawa, muna ganin raminsa ya wadatar. Ɗauki bulo ɗaya ka duba: fuskar waje da ta ciki a haɗe suke ta gefe da tsakiya. Idan an cika masa yashi don buhu ɗaya ya buga da yawa, ba a kuma shayar da shi ya ƙeƙashe ba, soso kawai ka saya.

Danshi kuma yana faɗin asalinsa ga mai lura. Wanda ya taso daga ƙasa yakan tsaya wajen mita ɗaya, ya ja layi, ya bar farin gari kamar kanwa. Wannan tambayarsa tana fandisho: an shimfiɗa leda kafin a zuba jaman fulo? Daɓen ya fi ƙasar waje tudu? A nan kaɗai mai gida a kwari kusa da gaɓa zai iya ambaton tafki, kuma ko a nan hujja ce a kan magini, domin ya ga ruwan da idonsa kafin ya haƙa rami. Wanda ya fito a tsakiyar bangon gabas, inda hadari ke duka, ya ƙaru bayan ruwa, ya bushe da hunturu, na sama ne: tsagewar filasta, ƙasan taga, ko bulon da ba a cike tsakaninsa ba. Ku lura, a Disamba da Janairu tafkin yana cike da baƙin ruwan da ke gangarowa daga Gini da Mali, amma a lokacin bangon ya bushe ƙayau. Ina laifin tafki? Wanda ya sauko daga saman bango, hau ka duba kwatar rufin ɓoyen nan da muke yabo a labari. Wanda bai san rani ba bai san damina ba, kuma yana jikin banɗaki, bututu ne ya fashe.

Akwai gwajin da bai kai kuɗin kati ba. Manna leda a wurin, ka liƙe gefunanta da salatif, ka ba ta kwana 2. Idan raɓa ta taru tsakanin leda da bango, daga cikin bangon ruwan yake. Idan a fuskar ledar ta waje ne, tururin ɗaki ne, taga ake buƙata.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne maganin da ake sayar wa mutane: a ƙara fenti mai mai, ko a lafta tayil. Ruwan bai je ko'ina ba, hanyar fita aka toshe masa, sai ya hau sama da tayil ɗin ya ɓullo. Mai gida ya biya sau biyu, ɗan haya ya shiga da rani bai san abin da ke jiran katifarsa ba. Wannan algus ne, ko da wane suna aka kira shi.

Cikinmu akwai waɗanda suka karanta gine-gine a kwalejin fasaha, amma ba su taɓa rubuta sakin layi ɗaya a kan bulo da Hausa ba. Muna jiran labarin amaryar da ta ja gadonta daga bango a daminarta ta farko, da abin da ta ce wa ango da ta ga bayansa.