Kafin ka ɗora tallar fuloti a sitatus ɗinka

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Legas, musamman na Akoka da Yaba, akwai maganar da ya kamata mu yi wa juna tsakani da Allah. Yanzu in ka buɗe WhatsApp, sitatus ɗin 'yan aji duk tallar fili ne. Fuloti a Epe, fuloti a Ibeju-Lekki "kusa da matatar Ɗangote", biya kaɗan-kaɗan cikin wata shida. Kamfanoni sun gane ɗalibi na neman na kashewa, sai su ba shi hoto mai kyau da alkawarin la'ada, shi kuma ya bi dangi yana tallatawa.

Ra'ayina a nan shi ne, wanda bai iya duba takarda da lissafin haya ba, bai kamata ya sayi fili ba, bai kuma kamata ya sayar wa kowa ba. Mu abin ya fi mana haɗari. Kawunka da ke sayar da tumatir a Mile 12, ko yayanka mai canji a Agege, ba kamfanin ya sani ba, kai ya sani. Don kai ne ɗan bokon gida zai miƙa kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa. Ran da abu ya ɓaci kamfani zai kashe waya, kai kuwa ba inda za ka gudu, sai kun haɗu a gidan suna.

Mu fara da takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa duk filin jiha a hannun gwamna. Abin da mutum ke samu izinin zama ne, wato C of O, galibi na shekara 99. In mai C of O zai sayar maka, sai da amincewar gwamna cinikin ke cika a idon doka. Rasit da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a ofishin dillali ba su kai nan ba. A yankin Ibeju-Lekki da Epe kuma akwai filaye masu yawa da gwamnati ta riƙe. Sai ta yanke wani yanki ta mayar wa 'yan ƙauye, ta buga a gazet, sannan a iya sayarwa hankali kwance. Shi ya sa in ka ji an ce "ana kan aikin fitar da takarda", ka fahimci cewa har yanzu filin bai fita daga hannun gwamnati ba. Hanyar ganewa a buɗe take: ka karɓi taswirar safiyo, a kai lambobinta ofishin Babban Safiyon Jiha, lauyanka kuma ya yi bincike a rajistar filaye da ke Alausa. Lauyanka fa, ba wanda kamfani ya kawo ba. Mai sayarwar da ya hana ka taswira ya riga ya ba ka amsa.

Na biyu, ƙafa. Fili ba a sayen sa a waya. Ka je da damina, lokacin da ruwa ke faɗin gaskiya, don a Legas kuɗin cike fadama da aza tubali kan iya fin kuɗin filin kansa. Ka auna tafiyar da kanka, "kusa da matata" na iya zama awa guda a kan acaɓa. Ka tambayi maƙwabta wa ke da wurin, da ko akwai rigima a kotu. Rubutun da kuke gani a bangon gidaje cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan 419, ba ado ba ne. Matsalar omo onile, masu sayar da fili ɗaya ga mutum uku ko su tare ka ranar da ka kawo bulo, ta kai Legas ta yi mata doka a 2016. A 2024 kuma mun ga gine-ginen da aka rushe saboda titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba.

Na uku, lissafi, kuma ɗakin da kake haya ya isa ya koya maka. A ce gida mai ɗaki takwas a Bariga, kowane ɗaki naira dubu 600 a shekara. Jimilla miliyan 4.8. Cire ɗakin da zai zauna babu kowa, gyaran famfo da rufi, kwashe masai, harajin gida da hakkin mai kula, a ce saura miliyan 3.5. In an yi maka kuɗin gidan miliyan 70, ribarka kashi 5 cikin ɗari ce, sai ka shekara 20 kafin uwar kuɗi ta dawo. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Gidan ɗalibai kuma yana da nasa ciwon: yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk cinikin da ba zai jure irin wannan shekarar ba, a bar shi.

Na san wani zai ce, ai waɗanda suka sayi daji a Ajah shekarun baya yau su ne masu kuɗi. Gaskiya ne, ƙasa na daraja, ban musa ba. Amma labarin waɗanda suka dace kawai muke ji. Wanda aka cinye masa kuɗi ba ya zuwa Facebook ya sanar, kunya yake ji. Sannan fili ba ya kawo ko sisi kafin a gina, kuma ran da kake neman kuɗin makaranta cikin gaggawa ba za ka sayar da shi a mako guda ba sai da asara.

To me ɗalibi zai yi? Ya fara da ilimin da ke gabansa kyauta. Ka rubuta kuɗin hayar gidaje goma a unguwarku, ka tambayi nawa ake sayar da irinsu, ka yi lissafin da ke sama. Muna da 'yan uwa a sashen lauya, da na safiyo, da na kula da kadarori, ka zauna da su su nuna maka yadda takardar gaske take. In za ka yi dillanci, ka duba ko kamfanin na da rajista da hukumar LASRERA, ka ga takardun da idonka, kuma ka faɗa wa mai saye nawa ne la'adarka. Fili ba ya gudu, amana kuwa in ta zube ba ta kwasuwa.

Allah ya ba mu na halal. Wanda ya san wani da ke shirin biya, ya tura masa kafin ya biya.