Kafin Ka Zagi Wayarka, Duba Yadda Ka Sauke Wasan

Ɗan'uwa, ka taɓa ƙona datar dare kana sauke wasan ƙwallo na PPSSPP, gari ya waye ka buɗe, sai a ce maka fayil ɗin ya lalace? Ko mafi ciwo, ka yi wata uku kana gina ƙungiyarka a Master League, rana ɗaya komai ya bi ruwa? Nan take sai mu ce, "Kai, wayar nan ta gaji." Ni dai a ganina, yawanci laifin gaggawarmu ne.

PPSSPP, wadda Henrik Rydgård ya fitar a 2012, kwaikwayon na'urar PSP ta kamfanin Sony kawai take yi. Abin da ka ba ta shi take karantawa. In sabis ya yanke ana tsakiyar saukewa, fayil zai zo guntu ko da sunansa ya fito daidai. Don haka fara duba girmansa. In a matse ya zo, ka bar ZArchiver ta gama warware shi, kuma ka tabbatar akwai fili a wayar.

Sai batun ajiyar wasa. Kowane wasa yana da lambarsa: ULUS na Amurka, ULES na Turai. Ka karɓi ajiyar abokinka ta ULES ka ɗora a kan ULUS, wasan ba zai gane ta ba. Wurinta kuma foldar SAVEDATA ce da ke cikin PSP.

Kada ka dogara da ajiyar nan ta take-yanke da manhajar ke yi. Sabunta manhaja na iya hana ta buɗewa. Ka riƙa ajiyewa daga cikin wasan kansa.

Akwai kuma memori na bogi, wanda zai nuna maka 64GB alhali cikinsa bai kai haka ba. Da ya cika, sai fayiloli su fara lalacewa shiru. Haka ma manhajar da aka turo maka a WhatsApp wai "Gold kyauta": ba ka san abin da aka cusa mata ba, ga ta asali kyauta a Play Store.

Sauri dai ya haifi nawa. Yau ɗin nan, kwafi foldar SAVEDATA ka ɗora a Google Drive. Ba za ta ci maka data mai yawa ba, amma ranar da abu ya ɓaci, kofunanka suna nan.